Amsoshin Tambayoyi: Na Bar Cin Nama, Me Zan Saya?

*Anti, ina karatun zane a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba a Legas, gidanmu a Agege. An ba mu aikin zana dabbobi, na yi mako biyu ina zuwa kara a Oko-Oba ina zana idon shanu. Tun daga nan nama ya fita a raina, har madara da ƙwai. A gida ana cewa na shiga baƙuwar aƙida. Na yi laifi?*

Kwantar da hankalinki, 'yata. Wanda ya zauna ya ƙura wa saniya ido har ya fitar da gashin girarta a takarda, dole zuciyarsa ta yi laushi. Tausayin dabba ba baƙo ba ne a wurinmu, kin san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Abu ɗaya ki kiyaye: kada bakinki ya haramta abin da Allah ya halatta, kuma ranar layya kada ki ɗaure wa kowa fuska. Ki ce wa Mama ba kya sha'awa ne. Sunan nan na "vegan", wato mai guje wa duk abin da ya fito daga dabba, a Ingila aka ƙirƙiro shi a 1944, amma ɗanwake, awara, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale da daddawa namu ne. Ki dai tambayi mai alale, a Legas da wuya ki samu wanda ba a zuba masa kifi ba.

Inda nake jin tsoro shi ne sinadarin B12. Wake da ganye ba sa ba da shi, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da mutuwar yatsu, a hankali yake cin mutum. Ki ga likita, ki sayi ƙwayar a kyamis mai rajista, ki duba lambar NAFDAC. Ban da maganin da ake talla a cikin bas.

*Kifi da ganda ma suna cikin lissafi?*

Malam, ganda fatar me ce?

*Wane burushi da fenti zan saya da babu dabba a ciki?*

Burushi mai tauri na fentin mai yawanci gashin alade ne, ka nemi na nailan, ya ma fi araha. Baƙin da ake kira ivory black ƙashi ne aka ƙona. Fentin ruwa da ƙaro ake haɗa shi, irin na Yobe da Borno, amma wasu kamfanoni na ƙara matsarmamar shanu ko zuma.

*Na ga jakar "fatar vegan" a Instagram, kuɗinta ya kusa rabin albashina. In saya?*

Kada ki soma! Wannan abu yana ƙona min rai. Yawancin abin da ake kira haka roba ce aka shafa a kan yadi, irin wadda ke jibge a kasuwar Balogun, suna kawai aka sauya mata aka ninka kuɗi. Na taɓa riƙe wata da ƙanwata ta saya: damina ɗaya ta gani a Legas, hannun ya tsage, bayan ya riƙa saɓulewa yana manne wa mayafi. Daga nan sai kwata, sai ruwan lagun, inda kifin da kike tausayi yake rayuwa. 'Yan kasuwa sun gano akwai masu taushin zuciya, shi ne suke cin kasuwarsu da kalma ɗaya. Haka madarar almon ta kwali da ake shigowa da ita, alhali ga aya da waken suya a kasuwar Mile 12, mudu guda ya ishe ki kwanaki.

Ki sayi yadin adire mai kauri, ko rinin baba na Ƙofar Mata in kina da mai zuwa Kano, ki kai wa telanku ya sa masa shafi biyu da zif mai ƙarfi. Ragowar kuɗin ki ajiye na ganin likita.