Tsohuwar ukulele ta hannu: a saya ko a bari?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wata tsohuwar ukulele, wato ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, a intanet, fentinta ya goge, jikinta duk ƙarzuwa, kana tambaya ko ta cancanci kuɗinka.

Ni dai gogewar fenti ba ta damuna ko kaɗan. Inda farce ya cinye katako kusa da ramin sauti, shaida ce an daɗe ana kaɗa ta. Wuyanta nake wa tsoro. Sa mai sayarwa ya ɗauko maka hotonta daga gefe, dab da dab, ka ga tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin huɗu da wuyan. In sun yi sama sosai, to mai yiwuwa wuyan ya lanƙwashe ko ya fara rabuwa da jiki, gyaran nan kuwa akwai cin kuɗi. Duba kuma ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya a kansa: in takarda za ta shige ƙarƙashinsa, gam ya saki. Wannan kam, gwani zai liƙe shi ba wahala, haka ma siririyar tsagewa.

In an ce maka ƙirar kamfanin Martin ce ko na Kamaka, kada ka yarda da baki, nemi hoton tambarin da ke ciki. Kamaka tun 1916 suke ƙera ta a Honolulu da ke Hawaii, galibi da katakon bishiyar koa ta can, sunan kaɗai kan ɗaga farashi.

Mai sayarwa ya turo bidiyo yana kaɗa ta daga farkon wuya har ƙarshe. In kun daidaita, ya sassauta tsirkiyoyin kafin ya sa ta a kwali.