Ƙanƙarar da Ta Narke, Ina Sawunta a Jikin Dabbobi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Katsina. Malaminmu ya ce ƙanƙara ta taɓa rufe arewacin Turai, wai har yau ana ganin alamarta a jinin dabbobin can. To ƙanƙarar da ta narke tun tuni, ta yaya za a ga sawunta a dabbar da aka haifa bana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku gaskiya ya faɗa. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta danne ƙasashen Sikandinebiya da yawancin Biritaniya, ta kuma tsare ruwa mai yawa a tudu har zurfin ruwan teku ya ragu da kusan mita 120. Ba sau ɗaya aka yi haka ba, sanyin yakan zo ya tafi ya kuma dawo.

Dabbar da ba ta jure sanyi sai ta ƙare a arewa, 'yan ragowarta su tsira a kudu, galibi a mafaka uku: Sifaniya da Fotugal, da Italiya, da yankin Balkan da ke kudu maso gabashin Turai. Duwatsu da teku sun raba su, ba auratayya har dubban shekaru, kowane rukuni ya riƙa tara nasa ƙananan sauye-sauyen a ƙwayoyin gado.

Misalin da na fi so shi ne na wata ƙaramar fara mai zama cikin ciyawa, wadda marigayi Farfesa Godfrey Hewitt na wata jami'a a Norwich ta Ingila ya shafe shekaru yana bibiya. Da ƙanƙara ta fara janyewa, farar Balkan ce ta riga kowa, ta bazu har Faransa da Ingila. Ta Sifaniya kuwa, ko da ta hauro duwatsun Firenis da ke tsakanin Sifaniya da Faransa sai ta tarar an riga an cika wurin. A kan waɗannan duwatsun suka haɗu, kuma a nan iyakarsu take har yau. Da aka haɗa su aure a ɗakin gwaji, mazan da aka haifa yawancinsu ba sa iya haihuwa. Kin ga ke nan sun kama hanyar zama jinsi biyu, kuma sanyi ne ya raba musu gida tun farko.

Ki ɗauki misalin mutum biyar da suka bar babban gari suka kafa tunga. Bayan shekara ɗari tungar ta cika da jama'a, amma duk jikokin mutum biyar ne, kamanninsu ɗaya. Garin da suka baro kuwa yana nan da zuri'a iri-iri. Haka ya faru da farar nan, haka da bushiyar Turai. 'Yan kaɗan da ke gaba ne suka haifi na arewa, shi ya sa idan aka duba ƙwayoyin gadonsu sai a ga kusan iri ɗaya ne, na kudu kuma bambancinsu ya fi yawa. Sawun da kike tambaya ke nan. A ganina wannan ne ya sa kare dabbobin da ke tsofaffin mafakan ya fi gaggawa, domin can ne rumbun irin yake.

Mu a nan ƙanƙara ba ta sauko mana ba, fari ne ya zo a madadinta. A wancan zamani Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, Tafkin Cadi ya ƙafe. Duk sanda na bi hanyar Haɗeja na ga tsofaffin jigayin rairayin nan da ake noma gero a kansu, nakan tuna cewa iskar irin waɗancan zamunna ce ta tara su. Daga baya damina ta dawo da ƙarfi, Sahara ta yi kore, kadoji suka bi koguna har tsakiyarta. Da ruwan ya sake janyewa sai wasu suka maƙale. Har yanzu akwai 'yan ƙalilan a wani kududdufi da ke tsakanin duwatsun Ennedi a arewa maso gabashin Cadi, inda raƙuma ke zuwa shan ruwa, ba su da hanyar kaiwa ga 'yan'uwansu na kudu.