Amsa: Tarin ƙanenka mai aiki a wurin fasa dutse

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ƙanenka ya daɗe yana aiki bakin injin niƙa dutse a wajen garin Katsina, yanzu tari ya ƙi barinsa, kana tambaya ko hunturu ne. Don Allah kada ku tsaya kan wannan zato.

Ƙurar dutse tana ɗauke da silika, wani sinadari da ke cikin dutse da yashi. Ƙurar da ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani. Tana shiga can cikin huhu ta bar tabo, kuma tabon ba ya warkewa. Yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya bayyana, sannan yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, a ɗauki hoton ƙirji, a auna numfashi, a gwada majina. Ya faɗa wa likita aikinsa ƙarara. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan ƙurar, sai takunkumi mai tace ƙura irin wanda ake kira N95, kuma yayyafa ruwa wurin haƙa da niƙa yana rage ta sosai. A duba masa ji ma, domin ƙarar inji da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) awa 8 kullum tana iya kashe kunne. Allah ya ba shi lafiya.