Amsa: Zaman haɗaka ga waɗanda aka yi wa rasuwa

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki dangana. Kin tambaya ko zama da wasu matan da suka yi rashi zai taimaka, tunda kin fita takaba amma kukan dare bai daina ba.

Zai taimaka. Mu nan Gombe, a unguwarmu ta Jekadafari, mu bakwai muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, da wata ma'aikaciyar jinya tana jan ragamar zaman. Sharaɗi biyu ne: abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita, kuma ba a tilasta wa kowa magana. Ni sai a zama na huɗu na buɗe baki, na ce har yanzu hular maigidana na rataye a ƙusa, na kasa ɗaukewa. Babu wadda ta ce mini "yi haƙuri" (kin san yadda kalmar nan ke rufe bakin mutum). Wata ta ce ita ma takalman mijinta na bakin ƙofa.

Amma idan an wuce wata 6 da rasuwar ba barci, ba cin abinci, ko kuma a kowane lokaci kika ji gara mutuwa, ki je ki ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Kar ki jira Asabar.