Rayuwa cikin jirgin bincike a tsakiyar ƙanƙara

Malam, ka tambaya mi mutanen jirgin bincike ka yi duk yini cikin ƙanƙara. Aiki hwa tuƙuru! Dubi jirgin ruwan Polarstern na Jamus, a 2019 sunka bari ƙanƙarar tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, ta daskare da shi tana jansu kusan shekara guda, watanni babu rana sam sai hitilar goshi, agogo kaɗai ka gaya maka gari ya waye. Da sahe a karya, a jibga tufafi, a sauka a huda ƙanƙara a auna kaurinta, mai gadi na tsaye da bindiga don farin beyar, wata ƙatuwar dabba mai cin nama. Sanyi har digiri 40 ƙasa da sifiri, mu da hunturun Sakkwato ka hana ma wanka! Barci ko sai ka saba, ƙanƙara na gogar jirgi tana ƙara dare duk.