Yara sun matsa sai an sayo musu pug, kuma a Sakkwato muke

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Mabera: Yarana sun ga ɗan karen nan mai shafaffiyar fuska da ake kira pug a TikTok, sun hana ni sakat. Na samu wani a Instagram ya ce yana Legas, in tura rabin kuɗi zai sa min a mota. Ya zan gane mai kiwo na gaskiya?

Amsa: Hajiya don Allah kar ki tura ko sisi tukuna. Kafin mu zo kan mai sayarwa bari mu fara da karen kansa, don a nan matsalar take. Pug asalinsa daga Sin ne, 'yan kasuwa suka kai shi Turai tun ƙarni na 16, kare ne na zaman ɗaki, nauyinsa kilo 6 zuwa 8 ne kawai. Wannan fuskar da ke burge yara ita ce ke wahalar da shi, hancin gajere ne, ƙofofin hancin a matse, hanyar numfashi a cunkushe, shi kuma kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa. Toh wanda numfashinsa bai wadata ba ya zai yi a Sakkwato cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ga wuta a ɗauke ta wuni guda? Zafi na iya kashe shi cikin ɗan lokaci, ba wai ina tsorata ki ba ne. In ba ki da ɗaki mai AC da sola ko janareta da zai riƙe shi da rana, gaskiya ki haƙura, fanka kaɗai ba za ta ishe shi ba. Ga kuma hunturu, idanunsa a waje suke, ƙurar nan na sa musu gyambo cikin sauƙi.

In kina da halin wannan duka, toh ga yadda ake gane mai kiwo na kirki. Na farko dai zai bari ki zo ko ki turo wanda kika yarda da shi ya ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi, ba a bakin titi ko tasha ba. In an je, a fi kallon uwar a kan ɗan. A tsaya a saurare ta tana zaune ba ta yi gudu ba, in ana jin gurnani ko minshari alhali idonta biyu, wannan ba kyau ba ne ba kuma ɗabi'ar jinsin ba ce kamar yadda masu sayarwa ke cewa, ciwo ne, kuma 'ya'ya na gado. A duba ƙofofin hancinta, a buɗe suke ko sun zama kamar tsaga? A zagaya da ita tsakar gida na 'yan mintoci a ga ko za ta dawo daidai da wuri. Ki zaɓi wanda iyayensa ke da ɗan tsawon hanci ko da bai kai na hoto kyau ba. A ƙasar Holan ma tun 2019 hukuma ta tsaurara doka kan haɗa karnukan da hancinsu ya cika gajarta, saboda wannan wahalar.

Sannan ki nemi katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi da lambar wayarsa, da takardar kwalbar allurar a manne, ki kira likitan da kanki. Ki tambaya sau nawa uwar ta haihu, kuma ko tiyata aka yi mata, don manyan kawunan nan na sa haihuwa ta yi musu wuya. Ki tambaya ko a zuriyar an taɓa samun mai farfaɗiya, akwai ciwon kumburin ƙwaƙwalwa da aka san pug da shi kuma ba ya warkewa. Abin da ni na fi dogara da shi kuwa, mai kiwo na gaskiya shi ma zai yi miki tambayoyi, ina za ki ajiye shi, akwai wuta, wa zai kula da shi in kin fita, kuma zai yarda ya karɓi abinsa in kin kasa. Wanda bakinsa bai wuce "tura kafin alƙalami saura ɗaya ya rage" ba, ko ɗan damfara ne da hotunan wasu, ko wanda ya mai da uwar injin buga kuɗi.

Maganar sa shi a mota daga Legas kuma ki cire ta gaba ɗaya. Jirage da yawa ma ba sa yarda su ɗauki irin waɗannan karnukan a wurin kaya saboda suna mutuwa a hanya, balle but ɗin bas tafiyar dare da yini.

Tambaya daga wani magidanci a Runjin Sambo: In na saya zai yi min gadin gida?

Amsa: A'a malam. Zai ɗan yi haushi, daga nan ya bi baƙon yana kaɗa wutsiya, kuma ba zai iya kwana a waje cikin bazara ba. Karenmu na gida irin na mafarauta da makiyaya ya fi shi nesa ba kusa ba, ya saba da zafin nan, ga juriya. Kuma tunda abin da aka sani a addini shi ne izinin ajiye kare don gadi, kiwo ko farauta, pug kuwa ba ya ko ɗaya, ya kamata duk mai niyya ya zauna da malaminsa kafin ya kawo shi cikin ɗaki, kar a saya sannan a zo ana rigima da mutanen gida a ƙare da yar da shi.

Tambaya daga wani ɗalibi: An yi min tayin ɗan pug mai sati 5 da rahusa sosai, wai mai shi zai yi tafiya. In karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa kar ka karɓa yanzu. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8, a sati 5 ko allurar farko ba a yi masa ba, ita ana farawa ne daga sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan sati uku zuwa huɗu har ya kai wajen wata huɗu, ta ciwon haukan kare kuma a wata uku. Irin waɗannan ne cutar karnuka da ake kira parvo ke kwashewa, amai da gudawar jini, kwana kaɗan ka kashe abin da ya fi kuɗin sayen. Kuma ka lissafa abinci, maganin tsutsa da na kaska, da goge ninkin fatar fuskarsa a kai a kai don kar ta yi ruwa ta ruɓe, ɗalibi a hostel zai iya? In har yanzu zuciyarka na kai, ka ce ya riƙe shi sati uku nan gaba, ranar karɓa ku haɗu a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo likita ya duba hanci, ido da numfashi kafin kuɗi ya fita daga hannunka. In ya ƙi zuwa, ka bar masa kayansa.