Tsinkewar Jijiyar Gwiwa: Likita Na Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ina buga ƙwallo na ji "ƙas" a gwiwa, nan take ta kumbura. An yi hoton ƙashi, aka ce ba karaya.

Amsa: Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai MRI, wato hoton na'ura mai nuna jijiya da nama. Je ka ga likitan ƙashi.

Tambaya: An tabbatar jijiyar tsakiyar gwiwata ta tsinke. Kawuna ya ce kada in yarda da aiki, mai ɗori zai haɗa ta.

Amsa: Ɗana, gaya wa kawu cikin ladabi: wannan jijiya tana can cikin gaɓa, hannu ba ya kai mata. Murza da ɗaurin kara ba sa haɗa ta, balle tsaga da reza a cusa gari, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Nakan ga matashi bayan wata uku a ɗaure, cinya ta tsotse, gwiwa ta sandare, wani har da ruɓa. Kuma duk lokacin da gwiwar ta zame, guringuntsin ciki take ci. Ba kowa ake wa aiki ba; mai zaman ofis yakan wadatu da gashi na asibiti da motsa jiki. Amma likita ne zai tantance. Ka je asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, kada ka jinkirta.

Tambaya: Wane aikin ya fi, a ciro jijiyar da za ta maye gurbin wadda ta tsinke daga ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya?

Amsa: Duka biyun da 'yar kyamara ake yi. Ta ƙoƙon gwiwa tana zuwa da guntun ƙashi, ta fi saurin kamawa, ba ta cika sake tsinkewa ba, shi ya sa na fi son ta ga ɗan ƙwallo. Matsalarta ciwon durƙuso: sujada takan yi wuya na tsawon watanni. Ta bayan cinya yankanta ƙarami ne, durƙuso da sauƙi, sai dai ƙarfin lanƙwasa ƙafa yakan ɗan ragu. Mai ɗinki a ƙasa ko mai shimfiɗa tayil ya faɗa wa likitansa sana'arsa tun kafin aiki.

Tambaya: Wata huɗu da aiki, ba ciwo. In koma fili?

Amsa: A'a! Sai wata 9 zuwa 12, bayan an gwada ƙarfin cinyarka. Ci gaba da zuwa gashi. In ka ga zazzaɓi, mugunya ko kumburin ƙafa, asibiti a ranar.